KAFIN MU GINA ƊAKIN BAƘI, MU LEƘA RIJIYA

A taron haɗin gwiwar ƙungiyoyinmu da aka yi a watan jiya, an kawo shawara cewa mu ɗebi wani kaso daga cikin kuɗin ajiyarmu mu gina ɗakuna shida na saukar baƙi a filinmu na Talata Mafara. Masu shawarar sun ce 'yan kasuwa suna zuwa daga nesa sayen albasa da tumatir da shinkafa, suna rasa wurin kwana mai kyau. Ma'aikatan aikin noman rani su ma suna neman masauki. In kuma Allah ya kawo mana zaman lafiya a kan hanyoyinmu, har masu zuwa kallon tafkin Bakolori za a samu. An tafa hannu ƙwarai, ni ma na tafa. Amma da na komo Kaya na kwanta, sai na tuna an yi maganar bulo, an yi maganar kwano da katifa, har an yi gardamar launin fenti, ba wanda ya ce uffan a kan ruwa.

Tun da yake a taro mai zuwa ne za a ɗaga hannu, na ga ya kamata in faɗi nawa ra'ayin a wannan takarda, kowa ya auna a gida. Ina goyon bayan ginin. Amma ina roƙo kada a sa bulo ko ɗaya sai mun san yawan ruwan da muke da shi a watan Afirilu, kuma sai mun rubuta wanda zai fara sha ran da ruwan ya kasa.

Abin da ya faru a Argungu

Bari mu fara da maƙwabtanmu. Gulbin Sakkwato da aka tare a Bakolori, in ya wuce mu yakan bi ta ƙasar Bakura ya gangara Sakkwato, ya haɗu da Gulbin Rima, sa'an nan ruwan ya nufi Argungu da Birnin Kebbi kafin ya faɗa Kwara. A Argungu ne ake bikin kamun kifin nan da duniya ta sani, wanda ake lissafin farkonsa daga 1934, shekarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara garin don ƙarfafa sulhu tsakanin Sakkwato da Kabi. Da rani ake yinsa, wajen Fabrairu ko Maris, a Matan Fada. Dubban masunta sukan faɗa ruwa gaba ɗaya da homa da gora, kowa yana neman giwan ruwa mafi girma. A 2016 hukumar UNESCO ta sa bikin cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a kiyaye.

In lokacin biki ya zo, masaukin gwamnati da otal-otal ba sa isar jama'a. Saboda haka mutanen gari sukan share ɗakunansu su ba baƙi haya na 'yan kwanaki. Mai tuwo ta samu, mai tsire ya samu, mai babur da mai wanki da guga duk su samu. To, a 2006 ruwa ya yi ƙasa har aka hana shiga kamun kifin. Bayan bikin 2009 kuma aka yi shekara goma cur ba a yi ba, sai a watan Maris 2020 aka sake. Wannan dogon hutu matsalar tsaro ce babban dalilinsa, amma ga mai ɗakin haya duk ɗaya ne, baƙo dai bai zo ba.

Sa'ad da nake kwalejin horon malamai, na zauna ɗaki ɗaya da wani mutumin Argungu. Ya ba ni labarin mahaifiyarsa, gwauruwa ce, wadda ta ci bashi ta rufa wa ɗakuna biyu kwano ana gab da bikin 2006, da nufin kuɗin baƙi su biya bashin. Waɗanda suka yi alkawarin sauka wurinta suka ji ba za a yi su ba, suka fasa zuwa. Akuyoyinta uku ta sayar ta biya. Ba ta yi ragwanci ba, ba ta yi almubazzaranci ba. Lissafinta daidai yake ta kowace fuska, sai dai ba ta sa gulbi a ciki ba.

Ba a ƙasarmu kaɗai ba

Kada wani ya ce wannan ciwon talaka ne. A ƙasashen da mutane suke cin abinci da 'yan yawon shaƙatawa, inda mai gida yakan ware ɗaki ko gida sukutum ya riƙa ba masu hutu haya, fari ya riga ya koya musu karatu.

A birnin Keftawun na Afirka ta Kudu, bayan shekara uku ana ƙarancin ruwan sama, hukuma ta kafa doka daga 1 ga Fabrairu 2018 cewa kowane mutum lita 50 ce rabonsa a yini, watau jarka biyu irin tamu mai lita 25, sha da girki da wanka da wanki duk a ciki. Har an tsayar da ranar da za a rufe famfunan gidaje. Masu masaukin baƙi suka riƙa roƙon baƙinsu kada su wuce minti biyu a wanka. Da labari ya bazu, mutane da yawa da suka yi niyyar zuwa hutu suka fasa. Ba a kai ga rufe famfunan ba, don jama'a sun tsuke hannu, ruwan sama kuma ya sauka daga baya. Amma ku lura da wannan: manoman yankin an rage musu wajen kashi 60 cikin 100 na ruwan ban-ruwansu.

A Kataloniya ta ƙasar Sifen, inda birnin Barsalona yake, an kafa dokar ta-ɓaci saboda fari ran 1 ga Fabrairu 2024, sa'ad da ruwan madatsunsu ya koma ƙasa da kashi 16 cikin 100. Aka hana cika tafkunan wanka na gidaje da na otal. Manoma kuwa aka yanke musu kashi 80 cikin 100, masu dabbobi aka yanke musu rabi. Masu otal a wani garin bakin teku suka haɗa kuɗi don neman injin tace ruwan teku, don dai baƙinsu su sami wurin iyo. Manomin da aka hana ruwa yana kallo. Ba sai na gaya muku irin maganganun da suka biyo baya ba.

A shekarar 2024 ɗin kuma, a garin Agirijento na tsibirin Sisili a Italiya, ƙananan masu ba da hayar ɗaki sun riƙa mayar da baƙi, domin ba za su iya yi musu alkawarin ruwan wanka da na bayan gida ba. Manyan otal masu tankuna da kuɗin sayen ruwan mota suka ci gaba da ciniki.

Abu uku na tsinta daga waɗannan labarai. Baƙo yana da wurin zuwa in ruwa ya yanke, mai masauki ba shi da shi, bashin gini kuwa ba ya tafiya tare da baƙo. Ƙaramin mai haya shi ke fara faɗuwa, mu kuwa da ɗakunanmu shida ƙanana ne. Sa'an nan in hukuma ta tashi rage ruwa, daga gona takan fara. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Mu yi lissafi

Ga yadda na auna namu. A gidana mu bakwai ne, na ƙidaya na ga jarka takwas muke ƙararwa a yini, watau lita 200. Dalilin da ya sa ba mu wuce haka ba shi ne, duk wanda ya ɗauko ruwa a kansa ya san nauyinsa. Baƙon da ya biya kuɗin ɗaki bai san wannan nauyi ba, kuma ba laifinsa ba ne. Ya sha ƙurar hanya, zai yi wanka safe da yamma, zai wanke tufafi, in akwai bayan gida na ruwa zai kora, direbansa ma zai so ya wanke mota. Mu ce jarka huɗu kowane baƙo, lita 100. Ɗaki shida, mutum biyu-biyu, mutum 12 ke nan. Lita 1,200 a yini, ko jarka 48. Wannan shi ne ruwan gida shida irin nawa.

To, yaushe baƙin nan za su zo? Da rani, sa'ad da albasa da tumatir suka fito, daga Janairu zuwa Afirilu. Watau lokacin da ciniki zai fi kyau shi ne lokacin da igiyar guga take ƙara tsawo kowane mako. Rijiyar da ke filinmu kuwa ba mu kaɗai ke sha ba, maƙwabta sun saba ɗiba tun kafin mu sayi filin. Ran da muka sa mata inji muka cika tanki don baƙi, matan unguwa suka zo da asuba suka tarar da laka, wane suna za a kira mu da shi a garin? Sunan da muka yi shekaru muna ginawa da rancen taki da na iri, rana ɗaya zai zube.

Wani zai ce a haƙa rijiyar burtsatse, magana ta ƙare. Burtsatse tana da amfani, amma ba daga sama take samo ruwa ba. In ita da rijiyoyin unguwa daga jijiya ɗaya suke sha, mai inji yakan janye na mai guga. Sai mai auna ƙasa ya duba ya gaya mana zurfin da za a kai da yawan abin da za ta iya bayarwa a awa guda, a rubuce, kafin mu biya kuɗin haƙa.

Mu ma mu dubi kanmu

Yanzu zan faɗi abin da ba zai yi wa wasunmu daɗi ba. Da sauƙi a nuna baƙo da yatsa. Amma in ana maganar masu shanye gulbi, mu ne. A duniya baki ɗaya, wajen kashi 70 cikin 100 na ruwan da ake ɗiba daga gulabe da rijiyoyi gona yake tafiya. Ga lissafin da kowane yaron firamare zai iya: ruwa mai zurfin milimita ɗaya a kan fili mai mita ɗaya tsawo da mita ɗaya faɗi, lita ɗaya ne. In lambu yana shan milimita 5 a yini da bazara, hekta ɗaya tana shan lita 50,000, watau jarka 2,000. Hekta ɗaya tak ta fi masauki arba'in irin namu shan ruwa. Bambancin kawai shi ne, baƙo daga rijiyar sha yake ɗiba, mu kuwa daga gulbi.

Iyayenmu sun san tarihin wannan gulbi fiye da ni. Bayan babban farin 1973 aka fara ginin madatsar Bakolori a 1974, aka gama a 1978. An yi ta don ta riƙe ruwa mita miliyan 450 na awon cikin tanki, ta shayar da hekta wajen 23,000. Tafkin ya cinye gonaki da gidajen mutane wajen 13,000. A watan Afirilu 1980 manoman da suka tare hanyoyi suna neman diyya suka gamu da harsashin 'yan sanda, aka yi asarar rayuka, har yau akwai gidajen da ba su manta ba. Wannan duk mun sani. Abin da ba mu cika faɗi ba shi ne abin da ya sami mutanen gangare. Wani malamin Ingila mai suna William Adams ya bi fadamun da ke ƙasa da madatsar a farkon shekarun 1980, ya tarar ambaliyar da ta saba shayar da su ta ragu, manoma da yawa sun bar shinkafa sun koma gero da dawa, masunta kuma kamunsu ya ja baya.

Saboda haka duk ran da ɗayanmu ya buɗe ƙofar ruwa da dare ya tafi ya kwanta, ruwa ya cika gona ya malala kan hanya, ko ya fasa bakin kwata don ya riga maƙwabcinsa, ko ya bar ciyawa ta toshe magudana, ya sani akwai mai jiran wannan ruwa a Bakura, akwai mai jiransa a gaba da nan. Ban ce mu muka hana su a Argungu a 2006 ba, gulbi yana da masu sha da yawa, ruwan sama kuma ba a hannun kowa yake ba. Amma ba za mu yi kukan baƙo ya zubar da jarka biyu ba alhali mu muna zubar da dubu.

Kada kuma mu ɗauka madatsa ba ta ƙafewa. Ta Goronyo a kan Gulbin Rima ta ninka tamu girma, amma a bazarar 2018 ruwanta ya ragu har abin da ya saura bai fi wajen kashi ɗaya cikin goma ba, mutanen birnin Sakkwato suka sha wahalar ruwa. Tamu ma kowace damina tana karɓar yashi da laka daga gangaren da aka sare wa itatuwa, kowace shekara cikinta yana ƙara cikewa.

Abin da nake roƙon taro

Na farko, a jinkirta ginin rani ɗaya, a auna rijiyar. Aikin ba ya bukatar kuɗi. A sami igiya a ƙulla mata ƙulli kowane rabin mita, a ɗaura dutse a baki. Kowace Asabar da asuba, kafin kowa ya ɗiba, mutum ɗaya ya zura ya rubuta inda ruwa ya tsaya, daga Janairu har ruwan fari ya sauka. Sau ɗaya a wata kuma a ja guga 50 a jere, a duba agogo a ga awa nawa ruwan zai yi kafin ya komo inda yake. Littafin nan shi zai gaya mana ko ɗaki shida za mu gina, ko uku, ko kuwa mu nemi wani fili.

Na biyu, a rubuta dokar rabon ruwa tun yanzu da rijiya take cike, a karanta ta a gaban mai unguwa da maƙwabta, Musulmi da Kirista, kowa ya ji. A ra'ayina ruwan sha da girkin gidajen unguwa shi ne gaba, sai na dabbobi, sai na baƙi, wankin mota shi ne ƙarshe. A sa alama a jikin igiyar awo. Ran da ruwa ya sauka ƙasa da alamar, a rufe rabin ɗakunan ba tare da an sake kiran taro ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Dokar da aka yi cikin fari, da fushi akan yi ta.

Na uku, a sa mata cikin kwamitin, kuma ba don cika kujera ba. A taron da ya wuce ba mace ko ɗaya da ta yi magana, alhali su da 'ya'yanmu mata ne ke sanin ranar da rijiya ta fara ja da baya. Ina roƙon zumuntar mata ta kowace ƙungiya ta zaɓo mutum biyu.

Na huɗu, a yi gini irin na ƙasar da ruwa ke da tsada. A yi masai mai bututun iska maimakon na kora ruwa. Wanka da bokiti, kowane ɗaki da jarkarsa. Ruwan wanka a jawo shi ta kwata zuwa gindin ayaba da gwanda da zogale. A sa wa kwano indararo. Rufi mai mita 10 tsawo da mita 10 faɗi, in aka sami ruwan sama milimita 600 a damina, lita 60,000 ce take zuba a kansa, ruwan baƙi 12 na kwana 50. Tankin da zai riƙe wannan duka ya fi ƙarfinmu yanzu, amma ko kashi ɗaya cikin huɗu muka tare, ya rage wa rijiya nauyi a makonnin da suka fi tsanani.

Na biyar, a gaya wa baƙo gaskiya tun a bakin ƙofa. A rubuta a allo cewa jarka kaza ce rabon ɗaki. Ɗan kasuwar da ya taso daga Illela ko Jibiya ya san darajar ruwa, ba zai ji haushi ba. Wanda zai ji haushi shi ne wanda aka karɓi kuɗinsa aka yi shiru, ya shafa sabulu ruwa ya yanke.

Na shida, kada a ci bashi da sunan kuɗin baƙi, kuma kada a taɓa kuɗin taki da iri. Ma'aji ya yi lissafi kamar a kowace shekara huɗu akwai ɗaya da ɗakunan za su zauna a rufe, ko don fari ko don rashin tsaron hanya, wanda dukanmu mun san halin da muke ciki. In lissafin ya tsaya da ƙafarsa a haka, a yi gini. In bai tsaya ba, mu ƙara ajiya mu jira.

Na san akwai masu cewa Malam ya cika tsoro, kafin mu gama aune-aune wani ya riga mu ginawa, kuɗin siminti kuma kullum hawa yake. Gaskiya ne siminti ba ya jiran kowa, kuma jinkirin zai ci mana wani abu. Sai dai kuɗin nan na gwauraye ne da na masu kadada ɗaya, waɗanda suka riƙa kawo mudu-mudu shekara da shekaru. In mun yi asarar ribar rani ɗaya, za mu mayar. In muka gina ɗakin da ba ruwa, ko muka ɓata da maƙwabta a bakin rijiya, ban san shekarun da za mu yi muna gyara ba. Baƙo raɓa ne, in rana ta fito ya tafi. Mu da mutanen unguwa mu za mu zauna da rijiyar.

Na riga na sayi igiya, na ƙulla ta. Duk ƙungiyar da ke son in zo in nuna yadda ake awon, a rijiyarta ko a gonarta, ta aiko da saƙo ta hannun magatakardanta. Ku zo taro da naku lissafin, in na yi kuskure a nawa a gyara mini a gaban kowa.

Allah ya kai mu damina lafiya, ya ba mu mai albarka.

Naku,
Malamin Gona, Kaya